Shantu Mai Jan Zare

"Ba ni kaɗawa," na ce.

Kwana tara ke nan da 'yan bindiga suka tare motarmu tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi, suka kora mu daji. Da ogansu ya ji ina koyar da waƙa a makarantar 'yan mata, sai ya jefo mani shantu, ya ce in kaɗa in yabe shi.

A wuyan shantun akwai tsaga ɗaure da jan zare. Na Malamata ne, ni na riƙe mata shi ranar da ta ɗaure, tana tsokanata wai hannun 'yar boko ba ya jin kiɗa. Ita ta koya mani, har muka zama ƙawaye. Bara aka ɗauke ta a wannan hanya, gawarta aka dawo mana da ita.

"Mai shi ma haka ta ce," in ji ogan, yana ɗaga gindin bindiga.

Sunansa bai fito daga bakina ba. Bayan wata biyu na dawo gida da yatsu uku da ba sa lanƙwasuwa. Ni da shantu har abada.