Bambar Motar Abba

Daga barandar hawa na biyar ta hango 'yarta, mai shekara huɗu, tsugune a gaban motarsu tana yi wa kanta gwalo a jikin bamba. Tsohuwar motar Amurka ce mai dogon hanci, wadda mijinta ya saya saboda bambar kawai: ƙarfe zalla, mai kauri, yana sheƙi kamar madubi. Tsakanin ƙarfen da katanga babu komai sai yarinyar.

A unguwarsu ta Muhandisin, a nan ƙasar Larabawa, ba a jan birkin hannu. A sake ake barin mota, don mai gadin layi ya tura wannan ta tura waccan, a samar wa wani wuri. Ga dattijon mai gadin kuwa can ƙarshen layi, ya kafa kafaɗa a bayan wata farar mota.

Ta ƙwala kira. Ƙarar hon ta haɗiye muryarta.

Mota ta farko ta taɓa ta biyu. Ta biyu ta gangara ta taɓa ta uku. Tasu ce ta huɗu.

Sai ta tuna, numfashinta ya dawo. Wata shida mijinta yana rigima da dattijon nan, domin kullum sai ya ja birki kamar yana Kano.

"Abban Kausar," ta ce wa mijinta da ke zaune a bayanta, ba ta ko juyo ba, "ka ja birkin, ko?"

Ya kurɓi shayinsa yana murmushi. "Khalas, shi ke nan, mun shirya da tsohon. Ba ke kika ce in daina faɗa da mutane ba? Yau na sakar masa birkin."

A ƙasa, ta uku ta fara motsi.