Jirgin da Ya Daina Jin Ƙishi

Kai da kake ƙorafin komai naka yana tafiyar hawainiya, zauna ka ji wannan. A zamanin da aka fara shimfiɗa dogo, jirgin ƙasa da wuta da ruwa yake tafiya. A zuba kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙarfe. Sai dai na farkon nan ba su da haƙurin ƙishi, kowace 'yar tafiya sai sun tsaya sun sha. A wata ƙaramar tasha cikin daji akwai wani dattijo mai buga famfo yana cika tanki. Ɗansa guda ɗaya tak, kuma shi ne mai zuba wa jirgin kwal. Duk Talata da Asabar jirgi zai tsaya, ɗan ya diro baƙi ƙirin, ya durƙusa ya gaida uban, ya shanye furar da uwarsa ta dama masa, kafin tanki ya cika sun taɓa hira. Amma dattijon nan bakinsa ba ya hutawa. Kafaɗa na ciwo, sai ya riƙa cewa, "Wannan wane irin maƙoshi ne? Raƙumi ma yana kwana bakwai! Allah ka kawo mana wanda ba ya jin ƙishi."

Allah kuwa ya amsa. Masu ƙira suka ƙero sabon kan jirgi mai ƙaton ciki, wanda in ya sha a babban gari sai wani babban garin. Ranar da ya fara biyowa, dattijo ya share gindin tanki, uwa ta fito da ƙwaryar fura. Jirgi ya yi kuwwa ya wuce fuu, ko rage gudu bai yi ba. Abin da suka gani kawai hannu ne riƙe da shebur, ya ɗago cikin hayaƙi ya ɓace. Kafaɗa dai ta warke sarai, amma kewa ta kama shi, irin wadda ba ta da magani. Har ya bar duniya, duk Talata da Asabar sai ya cika tankin nan ya tsaya a bakin dogo, ko Allah zai sa ƙishi ya kama jirgin. Furar kuma shi da matarsa suke shanyewa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wani jinkirin alheri ne.