Takalmanmu a Bakin Tabki

"Ba mai shigar min sababbin kwale-kwale da takalmi," in ji tsoho Kuwabara, jagoran tafiyarmu. "A gidan wa kuka ga ana haka?"

Mu bakwai muka tuɓe takalmanmu, muka jera su tsaf a bakin tabkin, yadda muka saba a ƙofar gida, muka kama filafili. Sai da muka isa tsibiri, abokina Noboru ya taka tsakuwa, ya ce, "Wai wa ya kwaso takalman?"

Ba kowa. Waya kuma ba sabis. Muka kafa tanti, muka gasa kifi, muka sha dariyar yatsun juna.

Washegari da hantsi muka dawo, muka tarar da 'yan sanda da masu nutso, iyalanmu na ta kuka.

"Takalma a jere a bakin ruwa," in ji wani ɗan sanda. "Ai masu bankwana da duniya su faɗa ruwa ke barin su haka."

Matata Michiyo ta share hawaye, ta miƙo min nawa.

"Jiya na yafe maka duk laifinka," ta ce. "To, na fasa."