Gawon da Baba Ya Hana a Sare

Ina ƴar ƙarama, na kai wa Baba fura gonarmu ta Dandin Mahe wata rana da la'asar, lokacin sharar gona. Na tarar da Baffa, ƙanensa, riƙe da gatari a gindin gawon da ke tsakiyar gonar. Gero bai ishe mu ba a shekarar, shi ya sa Baffa ya ce itacen ya cinye wurin shuka.

Baba bai ɗaga murya ba. Tafin hannunsa kawai ya ɗora a jikin gawon, daidai inda gatarin zai sauka. Har yau ina ganin hannun, duk kanta, ƙasa ta cika faratansa.

Baffa ya ce, "Yaya, ɗauke hannunka. Ɗiyanka na kwana da yunwa."

Baba ya ce, "Ƙasag ga amana ta, Allah Ya ba mu riƙo. Iccen ga shi ka riƙe ta, bisashe na cin ɗiyanai da rani, su bar muna taki. In Ya tambaye ni, mi za ni cewa?"

Baffa ya daɗe yana huci, sannan ya jingine gatarin, ya karɓi furar.

Baba ya rasu tuntuni. Gonakin maƙwabta da aka sare wa itatuwa sun koma rairayi, tamu kuwa tana ba da gero. Duk sanda na je gida, ba na yi wa ɗan kabu-kabu kwatance. Da ya ji sunan Baba sai ya ce, "Mai gawo?"

Nakan gyara zama in ce, "Ni ce ɗiyatai."