Ɗigo Miliyan Takwas

Saura awa guda a fara wasan kurket, Chaudhry Imtiyaz yana durƙushe a bayan sabuwar talabijin ɗinsa da wayoyi uku a hannu: ja, fara da rawaya. Ya laluba sama, ya laluba ƙasa, babu ramin da ya karɓe su. Tsohuwar dikodarsa da waɗannan wayoyi kawai take aiki, ita kuwa sabuwar talabijin wasu siraran ramuka ne da ita.

Ga shi ya gayyato rabin unguwa. Mako guda ya yi yana cika wa mutanen garinsu Gujranwala kunne cewa hoton allonsa na da ɗigo miliyan takwas, kuma shi idonsa na tantance kowane ɗaya.

Nimra, matar ɗansa, ta leƙo daga kicin. Ita ta karanci kwamfuta, amma a gidan nan ba a tambayarta sai gishirin miya.

"Abba, ba za su haɗu ba. Sai an sayo wata dikodar, kuma yau kasuwa a rufe take."

"Ba lacca na ce ki yi mini ba. Ki sa kurket ya fito a allon nan, ko ta yaya."

Ya tafi wanka. Da ya dawo, ga fili kore shar, ga 'yan wasan ƙasarsu sun fito karawa da na maƙwabciyar ƙasa.

"Abba, amma fa ka sani..."

"Jeki duba shinkafa kada ta kama."

Baƙi suka cika falo. A kujerar gaba ya zaunar da Malik Sarfaraz, maƙwabcinsa, wanda suka shekara ashirin suna gasa a kan tsayin katanga, girman ragon layya, da kaurin gashin baki.

"Malik, matso ka ga yadda ciyawa take. Taka talabijin ɗin ai kamar leƙe ne ta tagar banɗaki."

Malik ya ƙura wa allon ido. Ya zaro wayarsa ya duba, ya mayar aljihu, ya ƙara loma.

Wasa ya yi daɗi, ko talla ɗaya ba ta katse shi ba. Chaudhry ya ce haka manyan talabijin suke. Ya nuna musu gumin da ke goshin mai jifa, ya ƙirga musu ɗinkin ƙwallo. Wani dattijo ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya tura masa kwanon nama. Chaudhry kaɗai ke ihu, ya kuma san dalili: hassada ce ta ɗaure musu harshe.

Da aka yi nisa, kai ya ɗau zafi.

"Malik, in muka ci wasan yau, ka aske gashin bakinka. In aka ci mu, na aske nawa. Ka isa?"

Malik ya sake duba wayarsa. "Wasan yau ka ce?"

"Kurma ne kai?"

"Jama'a kun ji. Na yarda."

Bugun ƙarshe ya tsallake fili, ƙasarsu ta ci wasa, Chaudhry ya yi tsalle har rawaninsa ya faɗi. Ya aika a kira Bashir mai aski, a kuma sayo alewar madara kilo biyar. Ya fita ƙofar gida yana taka rawa. Titin tsit, babu mai buga ganga, babu mai hura ƙahon babur. Mutanen unguwar nan ba su da kishin ƙasa, ya faɗa a ransa.

Bashir ya iso fuska a murtuke, ya wasa askarsa, ya tambayi wa za a yi wa. Malik ya goge hannu, ya miƙe, ya yafa wa Chaudhry tawul a kafaɗa da kansa.

"Kai, me ke nan?"

"An lallasa mu tun ɗazu, Chaudhry," in ji Bashir. "Ina ka shiga?"

Chaudhry ya waiga. Nimra na tsaye gefen talabijin, tana zare ɗan filashin bidiyon da mai shago ya haɗo a kwali don gwajin hoto. Kafin allon ya yi duhu, idon da ke tantance ɗigo miliyan takwas ya ga abin da kowa ya gani tun lomar farko: kwanan watan da ke kusurwa, na shekara bakwai da suka wuce.