Kwalbar da Habibat Take Nema

Habibat ta kwance buhun wake na uku a shagon mijinta, ta cusa hannu har gwiwa. Babu kwalba.

Kwana shida ke nan da likita ya duba hoton cikin Zubair, ya dubi idanunsa da suka koma ruwan ɗorawa, ya ce hanta ce ta lalace, kuma irin ɓarnar da giya take yi. Zubair ya rantse bai taɓa kai ta bakinsa ba. Likita ya yi murmushin wanda ya saba jin rantsuwa.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan randa, ta zazzage aljihun kowace riga. Ta tsare ɗan acaɓan da yake kai shi kasuwa da tambaya har ya fara sauya hanya in ya hango ta. Ta riga ta yanke: ranar da ta ga kwalbar nan, za ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidan ubanta a Digil, ya yi jinyarsa shi kaɗai.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wahalar da ta sha a kansa. Shekara tara, kowace Laraba sai ta hau mashin zuwa Muchalla ta karɓo masa jiƙon basir wajen Baba Yaji mai magani. Baƙi ne, ga ɗacin maɗaci ga ƙamshin kanumfari, ita ko ɗanɗanawa ba ta iya yi. Da hannunta take ba shi, safe da yamma. Ran da jiƙon ya yanke, Zubair har rawar hannu yake yi. Ashe tana nan tana gyara, shi yana can yana ɓatawa!

“Ki yarda da ni, Habiba,” ya ce daga kwance, cikinsa a kumbure kamar tulu.

Ta ajiye masa kofi, ta fita.

Duk da haka miji miji ne. Tun da ya kwanta ta ninka masa jiƙon ko Allah zai sa a dace, shi ya sa jarka ta ƙare tun Litinin. Ba ta jira Laraba ba, ta tare mashin.

Ta tarar da tsohon a gindin bishiya, saiwoyi da sassaƙe jibge cikin roba, a bushe. Bai taɓa barin ta jira ba, yau kuwa ya nuna mata benci.

“Baba, sauri nake. Jikin ya yi tsanani.”

“Kai ma ka zo da wuri, Hajiya,” in ji shi, yana leƙen hanya. “Itace yana nan, amma mai kawo ogogoro bai iso ba. In ba giya, da me zan jiƙa maka?”