Akwatin Ɗakin Inna

Tun da aka kafa sabuwar dokar ƙidaya, kowane ɗaki yana da ɗan akwatinsa. Ta iska suke magana da babban akwatin zaure, shi kuma ya kai rahoto. Ɗakin da ya kwana uku shiru, a wurin hukuma babu kowa ciki, sai a yanke masa ruwa.

Namadi ya dawo daga tafiya ya tarar fitilar ɗakin mahaifiyarsa a jikin akwatin zaure ta yi ja. Ya kashe na zauren ya kunna, a banza. Ya jawo waya har ɗakinta, bai ga akwatin ba.

"Inna, ina abin nan?"

"Yana cikin kwanon samira, na rufe. Abu mai daraja a bar shi a fili?"

"Ƙarfe yana tare shi, Inna. Tun yaushe?"

"Tun Talata."

Yau Asabar. Ya fiddo shi, ya sa waya, fitila ta yi kore. Inna ta murɗa famfo, ko ɗigo.

"Gaya masa ga ni."

Ya gaya masa.

"Sannu da zuwa, Namadi," in ji akwatin. "Mutum ɗaya ne a ɗakin nan, kai kaɗai."